Akori-kura na mutuwa a hanya: yadda ake gano matsalar mai kafin a taɓa kafireta

Duk mai bin titin Abuja zuwa Lokoja ya saba ganin wannan a Gwagwalada: tsohuwar akori-kura a gefen kwalta, an ɗage bonet, baya cike da doya ko kwandunan tumatir, direba da yaron mota sun duƙa a kan inji. Ka tsaya ka yi musu sannu, amsar da za ka ji kusan ɗaya ce: "Kafireta ce." Daga nan sai a kira bakanike ya kwance ta, ya wanke da fetur, ya hura da baki, ya mayar. Mota ta tashi, a biya shi, a yi tafiyar kilomita goma, kafin Kwali ta sake mutuwa. Ga tumatir na dahuwa a rana, ga magariba na gabatowa, kuma babu direban da ke son dare ya same shi tsaye a wannan hanya.

Yawancin motocin nan da 'yan uwanmu ke neman abinci da su, daga Zuba har Mile 12 da Sabon Ibadan da Ama Hausa ta Owerri, iri uku ne. Akwai masu kafireta, wato Fijo 504 da kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kakuri ta Kaduna (ya fara aiki a 1975, ya ci gaba da 504 har tsakiyar shekarun 2000) da tsofaffin Hilux masu injin 2Y, 3Y, 4Y ko 22R. Akwai masu injekta na fetur, irin Hilux mai 3RZ. Sai masu shan gas, wato dizal, masu injin 2L, 3L da 5L. Hanyar man dukkansu kusan ɗaya ce a tsari: tanki, bututu, filta, famfo, sannan kafireta ko injekta. Kafireta ce ta ƙarshe a layi, ita ce kuma aka fi ɗora wa laifi, alhali sau tari man ne bai iso gare ta ba, ko kuma ya iso da datti.

Tukuna, ka tabbata mai ne

Injin fetur na buƙatar mai da wuta da iska. Rashin kowannensu na iya kashe mota, kuma alamominsu na kama da juna. Don haka kafin a kwance ko da tiyo ɗaya, a gwada wuta. A zare wayar fulogi ɗaya, a sa mata wani fulogi, a jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da inda fetur ke ɗiga, wani ya murɗa makulli. In wuta ta fito shuɗiya mai ƙarfi, to a koma kan mai. In ba ta fito ba, ko ta fito ja-ja mai rauni, aikin rewaya ne: kwayil, kwantak, ko kan distiribita.

Yadda motar ta mutu ma yana ba da labari. Wadda mai ya yanke mata takan yi shessheka, ta ja ta saki, ƙarfinta ya riƙa raguwa, ka taka totur ta ƙi amsawa, sannan ta mutu. Wadda wuta ta ɗauke mata kuwa sau da yawa farat ɗaya take mutuwa, kamar an kashe makulli. Ba doka ba ce da ba ta karyewa, amma tana nuna inda za a fara.

A mota mai kafireta akwai gwaji na minti ɗaya. A cire murfin filtar iska, inji a kashe, a leƙa maƙogwaron kafireta, a ja totur da hannu sau biyu. Ya kamata a ga fetur ya yi tsartuwa siriri. In ya yi, akwai mai a cikin kwanon kafireta. In bai yi ba, ko dai kwanon ya bushe, ko ɗan famfon totur ɗin ya lalace. Masu Toyota sun fi samun sauƙi a nan, domin kafiretarsu ta asali tana da 'yar taga ta gilashi a gefe. Mai ya tsaya a tsakiyarta, lafiya lau. Ya yi ƙasa ko babu shi, matsalar tana baya, tsakanin tanki da famfo. Ya cika tagar, mai ne ya yi yawa.

Abin da wasu ke yi na tsiyaya fetur a maƙogwaron kafireta suna murɗa makulli, gaskiya yana nuna ko mai ne matsalar, amma ya ƙona fuskokin mutane da dama. Inji na iya yin atishawa ya turo wuta waje. In dole ne, murfin kwalba ɗaya ya isa, a kawar da jarkar nesa, a janye kai, sannan a tayar.

Yaushe take yi?

Wannan ita ce tambayar da bakanike nagari ke fara yi, kuma direba ne kaɗai ke da amsarta. Mota mai yin silo lafiya, tana tafiya a gari ba matsala, amma da an ɗora kaya an kama hawa sai ta fara ja da baya, wannan mai ne ke zuwa amma bai isa ba. Filta ta toshe, ko famfo ya gaji, ko bututu ya lanƙwashe a ƙarƙashin bodi. In ka ɗaga ƙafa daga totur ta farfaɗo, ka sake takawa ta sake sanyi, kusan ka gama bincike.

Wadda ke tafiya minti ashirin ko talatin ta mutu, ta huta kaɗan ta tashi, ta sake yin daidai wannan tafiyar ta mutu, a buɗe murfin tankinta nan take a saurara. In aka ji iska ta shige da ƙarfi, "fuuu", ƙofar numfashin tankin ce ta toshe. Famfo na jan mai, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, har ya kai famfon ya kasa ja. A yi tafiya da murfin a sassauce a gani. Wannan na yawan samun motocin da murfinsu na asali ya ɓata aka toshe bakin tanki da leda ko aka sa murfin wata mota. Akwai kuma 'yar uwar wannan matsala: tsumma, ko ɓawon tsatsa, ko guntun leda da ke yawo a cikin tanki. Famfo ya ja shi ya manne a bakin bututu, mota ta mutu, jan ya saki, dattin ya faɗi, mota ta tashi. An sha sauya kafireta sukutum saboda guntun leda.

Sai kuma wadda ba ta yi sai da rana tsaka. Gwagwalada ta fi cikin birnin Abuja zafi, kowa ya sani, kuma a watannin Maris da Afrilu zafin kan kusanci digiri 40. A irin wannan yanayi, musamman a cunkoso ko bayan an tsaya an kashe inji mai zafi na 'yan mintuna, fetur na tafasa a cikin bututu ya zama tururi. Famfon da ke jikin inji ruwa yake iya turawa, ba ya tura tururi. Tsofaffin direbobin Fijo na da maganinsu: a jiƙa tsumma da ruwa a ɗora kan famfon da bututun. In mota ta tashi bayan minti biyar, an kama ɓarawo. Gyaran dindindin shi ne a duba ko bututun mai ya kusanci salansa ko manifol, a kawar da shi, a mayar da faranti ko kaurin gaskit da ke raba kafireta da zafin inji in an cire shi. Sai dai a kula: kwayil da ya tsufa shi ma haka yake yi, ya mutu da zafi ya farfaɗo da sanyi. Shi ya sa gwajin wuta ake yinsa a lokacin da motar ta mutu, ba bayan ta huce ba.

Man kansa

Kafin a zargi ƙarfe, a dubi abin da aka zuba. A zare tiyon da ke shiga kafireta, ko a juye filta, a tara mai a kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye minti biyar. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa a ga layin da ya raba su. Jan gari-gari tsatsar tanki ce. Baƙin ɓarɓashi kuma tiyo ne ke ruɓewa daga ciki. A ɗiga kaɗan a farar takarda: fetur mai kyau zai bushe ba tare da barin tabo ba, wanda aka gauraya da kananzir ko gas zai bar tabon maiƙo.

Ruwa a tanki ya fi damun waɗanda ke Kudu. A Legas, Warri da Fatakwal damina doguwa ce, iska cike da danshi, tankin da kullum ke kwana kusan wayam yana yin gumi daga ciki. Ga ambaliya da kan shiga tankunan ƙarƙashin ƙasa na wasu gidajen mai, ga man 'yan bumburutu da ba wanda ya san jarkar da ya kwana a ciki. Alamar ruwa ita ce mota ta riƙa tari da katsewa ba tsari, musamman da safe ko bayan an bi gargada.

Mai marar kyau ba a jarka kaɗai yake zuwa ba. A watan Fabrairun 2022 hukumar NMDPRA ta sanar cewa an shigo da fetur mai sinadarin methanol fiye da ƙima, shugaban NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya ce daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam aka yi lodinsa. Janye man daga kasuwa ya jawo dogayen layuka a Abuja da Legas na tsawon makonni. Methanol na cin roba, yana kuma jawo ruwa, kuma tsohuwar mota roba ce a ko'ina: tiyo, fatar famfo, kan allurar kafireta. Ka'idar da za a riƙe ita ce, in mota ta fara ciwo cikin 'yan kilomitoci bayan shan mai, man ne abin zargi na farko. A zubar da shi daga tanki gaba ɗaya. Ƙara mai kyau a kan marar kyau ba ya kawar da ruwan da ya kwanta a ƙasa.

Tsadar mai ma ta kawo nata ciwon. Bayan Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta koma naira 537 a gidajen man NNPC na Abuja, a Yuli ta kai 617, daga baya ta wuce haka nesa. Direbobi da yawa suka koma shan na lodi ɗaya kawai, allura kullum a ja. Tanki in ya yi ƙasa, a kan hawa ko kwana man na gudu gefe guda, bututu ya shaƙi iska. Ga mota mai injekta abin ya fi muni, don famfonta na lantarki yana cikin tanki, fetur ɗin ne ke sanyaya shi. A bar shi yana aiki a bushe-bushe, ba zai yi ƙarko ba. Ko kwata na tanki aka riƙe a matsayin ƙasa, an rage wa kai sayen famfo.

Filta da famfo

Filta ita ce mafi arha a duk layin, ita ya kamata a fara sauyawa. Ta roba mai haske ana ganin dattinta da ido. A kula da kibiyar da ke jikinta, tana nuna wajen da mai ke bi. Abin da ba shi da kyau shi ne a cire ta a haɗa tiyo kai tsaye "kafin a isa gida", domin dattin da ta tare shi ne zai tafi ya toshe jet. In sabuwar filta ta yi ja cikin mako guda, sauya filta ba zai ƙare ba, sai an sauke tanki an wanke.

Gwajin famfon jikin inji ba wuya. A zare tiyon da ke shiga kafireta a sa bakinsa cikin kwalba, a cire ƙaramar wayar da ke kai wa kwayil wuta don kada tartsatsi ya tashi, a murɗa makulli na daƙiƙa goma. Famfo mai lafiya zai riƙa tofo mai da ƙarfi, bugu bayan bugu. In ɗiga yake yi, ko kumfa ke fitowa, kada a yi saurin sayen sabo. A sa ɗan gajeren tiyo daga bakin shigarsa zuwa galan mai tsabtataccen fetur a sake gwadawa. In yanzu ya tofo da ƙarfi, famfon lafiyarsa ƙalau, toshewa ce ko huda a bututun da ya taho daga tanki. Hudar da ke wannan ɓangare ba lallai ta ɗigar da mai a gani ba, iska take sha. In har daga galan ɗin ma bai ja ba, to famfon ne.

Wani abu da ake mantawa: a zaro sandar gwajin baƙin mai a shinshina. In baƙin mai ya ƙaru da kansa, ya yi ruwa-ruwa, yana warin fetur, fatar cikin famfon ta yage, fetur na zuba cikin inji. Wannan ba na jira ba ne. A sauya famfo, a yi juye a ranar, in ba haka ba metal zai tafi, aikin ya koma na sauke inji.

Galan da ake ɗaurawa a kan rufi ko a gefen direba a ja tiyo zuwa kafireta, gwaji ne mai kyau, yana iya fitar da mutum daga daji zuwa gari. Amma akwai motocin da suka shekara a haka, da fasinja a gaba da mai shan sigari a baya. Haka nan zuƙo fetur da baki. Kurɓa ɗaya in ta sarƙe ta shiga huhu tana iya kwantar da mutum a asibiti, kuma in an haɗiye ba a sa mutum ya yi amai, asibiti ake nufa.

Mai kuma yana iya yin yawa

Ba kullum yunwa ke kashe inji ba. Baƙin hayaƙi a salansa, warin ɗanyen fetur, fulogi baƙi ƙirin ko jiƙe, mota na shan mai kamar rami, wahalar tashi in ta yi zafi sai an danne totur har ƙasa: duk alamun ambaliya ne a kafireta. A nan ne kafiretar ke da laifi da gaske. Ko datti ya hana allura rufewa, ko fulot ya huje ya sha mai ya nutse (a girgiza shi kusa da kunne, za a ji), ko cok ya maƙale a rufe. Filtar iska da ƙurar hunturu ta toshe ita ma tana kawo baƙin hayaƙi, a duba ta kafin a ɗauko sukudireba.

Akwai wani sanadin da ya yawaita yanzu. Famfon jikin inji ya mutu, sai a ɗaura na lantarki. Kafireta ƙaramin turi take so, abin da bai wuce psi 3 zuwa 5 ba. Famfon motar injekta kuwa yana tura kusan psi 40. Aka ɗaura irin wannan a mota mai kafireta, allura ba za ta iya tare shi ba, mai zai riƙa malala har kan inji. Mai sayen famfo a Zuba, ko Ladipo, ko Nkpor, ya faɗa wa mai shago ƙarara cewa na kafireta yake so.

In kuma mota na gudu lafiya amma da an ɗaga ƙafa sai ta mutu, ba ta riƙe silo, a duba abu uku: jet ɗin silo, ƙananan tiyoyin iska da suka tsage ko suka zare, da 'yar na'urar lantarki da ke jikin kafiretoci da yawa mai yanke man silo in an kashe makulli. A kunna makulli a zare wayarta a mayar, ya kamata a ji "ƙas". Sukurorin daidaita mai da iska kuwa, shawarata a bar su sai an gama duk wannan. Sukuru ba ya murɗa kansa. Motar da jiya take lafiya yau ta lalace, ba saiti ne ya canja ba, kuma da zarar an taɓa shi an ƙara matsala ta biyu a kan ta farko.

Masu injekta da masu gas

A motar injekta kunne ake fara sawa. A buɗe murfin tanki, wani ya murɗa makulli, a saurari kukan famfo. Motoci da yawa na kunna shi daƙiƙa biyu da an buɗe makulli, amma wasu Toyota ba sa kunna shi sai inji na juyawa, don haka shiru a matakin farko ba hujja ba ce. In babu kuka sam, fiyus da rile da wayar ƙasa ake dubawa kafin a sauke tanki. In akwai kuka amma mota ba ƙarfi, sai an sa geji an auna turin. Ganin mai na fita daga tiyo bai isa ba, famfon da ya gaji yana iya cika kwalba amma ya kasa kai turin da nozul ke buƙata. Bakaniken da ya ce a sayi famfo ko ƙwaƙwalwar mota bai auna komai ba, a nemi wani. Kuma layin na riƙe turi ko inji a kashe, a rufe mahaɗar da tsumma kafin a sassauta.

Injin gas babban abokin gabarsa iska ce, sai ruwa. A kan filtar 2L, 3L da 5L akwai ɗan famfon hannu. A danna shi: in ya yi tauri bayan 'yan dannawa, layin cike yake. In ya daɗe yana laushi, ko kullum da safe sai an danna kafin mota ta tashi, iska na shiga ta wani wuri, galibi ta robar famfon hannun ko tsohon tiyo. A sa guntun tiyo mai haske tsakanin filta da injekta, za a ga kumfa na wucewa. A ƙasan filtar akwai magudanar ruwa, da fitila a dashbod mai kunnuwa in ruwan ya taru. A sassauta a zubar har gas zalla ya fito. Direbobi da yawa na tafiya da wannan fitila a kunne wata da watanni, ruwan kuma yana cin injekta, wadda gyaranta ya fi komai tsada a layin. A jikin injektar akwai waya guda mai buɗe hanyar gas, in ta zare ko fiyus ɗinta ya ƙone, inji zai yi ta juyawa ba ko hayaƙi. Wahalar tashi da sanyin safiya tare da farin hayaƙi kuwa, a fara gwada hita fulogi.

A waɗannan tsofaffin injina ana sassauta nati a kan nozul a juya inji don fitar da iska, hannu nesa da feshin. Amma ba a yin haka a sababbin Hilux masu D-4D. Turin da ke cikin bututunsu ya haura bar 1,000, feshinsa na huda fata ya shiga nama, don haka wannan sai wurin mai na'urar gwaji.